Ku Sauka a Lakwaja, Ƙannena

Duk wanda ya taɓa bin mota daga Abuja zuwa Anaca, ko Benin, ko Fatakwal, zai ce muku ya san Lakwaja. Lakwajar da ya sani kuwa ta bakin titi ce, wajen Nataco, inda direba kan tsaya a sauka a yi alwala, a haɗa azahar da la'asar, a ci shinkafa da soyayyen kifi a tsaitsaye, kafin a gama wanke hannu kwandasta ya fara kiran fasinja. Haka 'yan kasuwarmu, da ɗalibanmu, da masu tafiya bautar ƙasa suke ratsa garin dare da rana, kowa na ƙorafin zafinsa, ba mai waiwayawa ya dubi dutsen da ke tsaye a kansa. Nasihata gare ku ita ce ku ware kwana biyu ku sauka a wannan gari da niyya. Wani babban yanki na tarihin ƙasar Hausa a can yake ajiye, kuma ba za ku same shi a Kano ko Zariya ko Sakkwato ba, domin ta can aka shigo mana, can kuma aka kai waɗansu sarakunanmu suka ƙare kwanakinsu.

Ku fara da Dutsen Patti, kuma ku fara da sassafe, bayan sallar asuba, tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Tsayinsa ya haura mita 400. Akwai hanyar mota har bisa, amma in kuna da lafiya ku hau da ƙafa, za ku tarar da mutanen gari suna hawa don motsa jiki, ku bi sahunsu, ku riƙe ruwan sha. Idan kun kai bisa kada ku yi gaggawar zaro waya. Ku tsaya tukuna ku duba gabas. Ga Kwara nan ta gangaro daga arewa, ga Binuwai ta taho daga gabas, sun gamu a gabanku sun zama gulbi guda, sun nufi kudu zuwa teku. Da rani za ku ga tsibiran yashi farare a tsakiya, da kwale-kwale suna ratsawa ƙanana-ƙanana. Da kaka kuwa ruwa ya haɗiye komai.

Ina so ku san daga ina ruwan nan ya fito, don sanin ne ke sa kallon ya zauna a zuciya. Kwara ta taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ta ratsa Bamako, ta bi ta gefen Tambutu, ta wuce Gao da Yamai, ta shigo Nijeriya ta jihar Kebbi, ta bi Yawuri da Kainji da Jebba. Tsawonta ya kai kusan kilomita 4,200. Binuwai kuma daga tudun Adamawa na ƙasar Kamaru take, ta bi Garwa, da Yola, da Numan, da Ibi, da Makurɗi, tafiyar kimanin kilomita 1,400. Gulbin Rima da na Sakkwato da na Zamfara duk cikin Kwara suke zubawa. Kogin Kaduna ma a ƙasar Nupe yake cim mata. Gongola kuwa a Numan take shiga Binuwai. Wato ɗan Gusau, da ɗan Argungu, da ɗan Kaduna, da ɗan Gombe, kowannensu in ya tsaya a kan Patti, akwai ruwan saman garinsu a cikin abin da yake kallo. Bakano da Bahaɗeje ne kaɗai za su yi haƙuri, nasu ruwan gabas yake yi, wajen Tafkin Chadi.

Daga kan dutsen nan ne kuma za ku gane abin da littafin makaranta ya daɗe yana faɗa muku bai shiga ba. A zamanin da babu kwalta babu dogo, wanda ya riƙe wannan magama ya riƙe ƙofa biyu: ta Nupe da Yawuri har zuwa Gwandu, da ta Muri da Adamawa. Mutanen wurin sun daɗe da sanin haka. Kakanda da Nupawa sun yi suna wajen fito da fataucin ruwa, Igala na riƙe da gaɓar kudu daga Idah, a tsallaken gabas kuma akwai tsohuwar kasuwar Gbobe inda fatake ke haɗuwa. Turawa sun zo ne suka tarar da harka tana gudana, suka yi ta lalube har suka gane.

Ku lura da yadda laluben ya tafi, domin a ganina shi ne darasin da ya fi kowanne a wannan gari. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka biyo Kwara cikin kwale-kwale daga Busa har teku, suka tabbatar wa Ingila inda gulbin yake ƙarewa. A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku masu hayaƙi, suka kafa gonar gwaji a nan bakin magama. Zazzaɓin cizon sauro ya yi musu kaca-kaca, kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan suka mutu, sauran suka juya. Wani zai ce shi ke nan, sun daddara. Ina! A 1854 suka komo da jirgi mai suna Pleiad ƙarƙashin wani likita ɗan ƙasar Sikotlan, William Baikie. Wannan karon kowa na shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya kama shi. Suka hau Binuwai da nisa, suka komo, ba wanda ya mutu. Sauron da ya daɗe yana tsare wannan ƙofa, a wannan shekara aka tabbatar kwinin na kare mutum daga zazzaɓinsa. A 1857 Baikie ya sake dawowa, jirginsa ya fashe a kan dutse kusa da Jebba, bai koma gida ba. Wajen 1860 ya zo ya zauna a gindin Patti da yardar Etsu Nupe Masaba, ya buɗe kasuwa, yana duba marasa lafiya, yana fansar bayi. Garin da kuke gani a ƙasanku daga wannan zama ya bunƙasa.

Ba kaya kaɗai suke saye ba, ƙannena, mu ma suna karantarmu. A cikin tafiyar 1841 akwai wani malamin mishan Bajamushe, James Schön, wanda ya duƙufa kan harshen Hausa har ya fitar da littafin nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu da aka tafi da shi Turai. Shi kansa Baikie ya koyi Hausa, a 1862 kuma ya taka har Kano ya ga birnin da idonsa. Shekara arba'in da ɗaya kafin a ci Kano da yaƙi ke nan. Daga nan kamfanonin ciniki suka yawaita, George Goldie ya haɗe su, a 1886 kamfaninsa na Royal Niger ya sami takardar izini daga Ingila ya yi mulki ya karɓi haraji. Kamfani ya ajiye sojojinsa a Lakwaja. A watan Janairu na 1897 daga nan rundunarsa ta tashi ta auka wa Bida, sannan Ilori. Ran 1 ga Janairu, 1900, a cikin garin nan aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama babban kwamishinan Arewa. Bayan shekara uku Kano da Sakkwato suka faɗi.

Ku ƙirga da kanku: daga kwale-kwalen 'yan'uwan nan biyu zuwa ɗaga tuta, shekara saba'in. Mun saba ba da labarin zuwan Nasara kamar ranar da aka harba igwa a ganuwar Kano ne abin ya fara. Wanda ya zo Lakwaja zai ga igwa ce ta zo ƙarshe. Kafin ita an yi awon zurfin ruwa, an zana taswira, an rubuta ƙamus, an gwada magani, an buɗe kanti, an san wane sarki ke gaba da wane. Ba ina faɗa muku wannan don ku cika da haushi ba. Ina so ne ku ga irin naci da haƙurin da ilimi ke bukata, ku ga kuma abin da ke samun al'ummar da baƙo ya fi ta sanin hanyoyin ƙasarta.

A bisa dutsen akwai ɗan ƙaramin gidan hutawa da ake danganta wa Lugga. Mai yi muku jagora zai yiwu ya ce a nan matarsa Flora Shaw ta tsaya tana kallon gulbi sunan Nijeriya ya faɗo mata. Ku saurare shi da ladabi, amma ku riƙe wannan: sunan ya fito ne a rubutunta cikin jaridar The Times ta Landan ran 8 ga Janairu, 1897, ita kuwa sai a 1902 ta auri Lugga ta biyo shi ƙasar nan. Haka kuma za ku ji masu cewa a Lakwaja aka haɗe Kudu da Arewa. Abin da ya faru a Lakwaja na 1900 ne, haɗewar kuwa ta 1914 ce, daban take. Hedkwatar Arewa ma ba ta zauna a nan ba, Jebba ta yi, ta koma Zungeru a 1902, sannan Kaduna a 1917. Kowane garin tarihi yana da labaran da baki ya ƙara wa gishiri. Ba a gardama da mai gida a tsakar gidansa, amma ba a kuma komawa gida a yaɗa abin da ba a tantance ba. Ku rubuta abin da kuka ji, ku sa sunan wurin da kuka ji shi, in kun koma ku auna da littafi.

In kun sauko, ku huta har zafin rana ya karye, sannan ku shiga tsohon gari. A-daidaita-sahu zai kai ku, amma tsakanin wuri da wuri ƙafa ta fi. Akwai gidan tarihin zamanin mulkin mallaka, cikin wani tsohon ginin katako na wancan lokaci, mafi yawan abin da ke ciki hotuna ne. Akwai alamar da aka kafa a inda aka sauya tuta, ƙarama ce, sai ka tambaya za ka gane ta. Akwai maƙabartar Turawa, ku karanta shekarun da ke kan duwatsun, za ku ga da yawa samari ne tsararrakinku. Akwai tsofaffin sito-sito na kamfanoni a bakin ruwa. Waɗannan duka yini ɗaya ya ishe su.

Wurin da nake so ku ɗan daɗe shi ne dandalin tunawa da sojojin yaƙin duniya, inda aka girke tsofaffin bindigogi. Ku karanta sunayen da ke jikin allon. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin duniya na farko, kuma akasarinsu 'yan Arewa ne, har Hausa ta zama harshen bariki, hafsoshin Turawa dole su koye ta. A nan akwai wata magana mai ɗaci da ba a cika gaya wa yara ba. Rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Turawan cikinta ba su kai hamsin ba. Sauran ɗaruruwan baƙar fata ne, da yawa kuma masu jin Hausa. Wasu bayi ne da suka gudu, wasu talauci ya kora, wasu albashi suka bi. Kafin ku yanke musu hukunci, ku tambayi kanku wane irin zama ne a gida ya sa mutum ya ga ɗaukar bindigar baƙo ya fi masa.

Wannan tambaya za ta bi ku har harabar makarantar Holy Trinity, wadda Bishop Samuel Ajayi Crowther ya kafa a 1865, ake kuma ƙirga ta a matsayin makarantar boko ta farko a Arewa. Shi kansa Crowther an kama shi bawa yana yaro a ƙasar Yarbawa, aka 'yanto shi daga jirgin masu fataucin bayi, ya yi karatu a Saliyo. A harabar akwai wasu ƙarafa da ake kira Iron of Liberty, ana faɗin cewa bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu. Harabar coci ce, saboda haka ku nemi izini, ku gaisa da wanda kuka tarar, ku shiga da mutunci yadda za ku so baƙo ya shiga harabar masallacinku. In Allah ya haɗa ku da dattijon ƙabilar Oworo, ko Bassa-Nge, ko mutumin Kabba, ya fara ba ku labarin hare-haren da mahayan Bida suka riƙa kai wa kakanninsa suna kwasar mutane, kada ku tashi, kada ku murtuke. Gaskiya ce ta faru. Abin da muke kira faɗuwar daula, a wasu ƙauyukan ƙasar nan ranar samun barci ce. Saurayin da bai taɓa jin tarihi daga bakin wanda aka yi wa ba, rabin karatu ya yi.

Safiya ta biyu ku ba wa unguwar Kabawa. Nan ne dalilin da ya sa na fi matsa muku ku zo. Turawa sun mai da Lakwaja wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe, nesa da jama'arsu, ga ruwa ga bariki, ba hanyar tayar da ƙura. Waɗansu daga cikinsu a nan ajali ya cim musu, kushewunsu suna nan cikin gari.

Babba a cikinsu shi ne Sarkin Kano Aliyu Babba, Alu mai sango, wanda ya hau gadon sarauta a 1894 cikin yaƙin basasar Kano. Lokacin da Turawa suka iso ganuwar Kano yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar komowa labari ya riske shi, ya rabu da runduna, Waziri Amadu ya ja wani sashe ya yi shahada a Kwatarkwashi. Shi kuwa Alu aka kama shi, aka kai shi Yola, daga bisani aka dawo da shi Lakwaja, ya zauna har ya rasu a 1926. Sarautarsa shekara tara ce, zamansa a hannun Nasara shekara ashirin da uku. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: mutumin da aka buga wa tambari, ya wayi gari a ƙasar da ba a noma gero sosai, harsuna barkatai, zafi mai gumi, ya tsufa a nan yana jin labarin Kano daga bakin fatake. Kanawa har yau sun rabu a kan barinsa runduna, wasu na ganin hijira ya nufa, wasu na ganin rauni ne. Ba a bakin kabari ake wannan muhawara ba. Ku yi ta a mota in kuna komawa.

Akwai kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, na gidan Mallawa, malami kuma mawaƙi wanda har yau ake nazarin rubutattun waƙoƙinsa a jami'o'i. Labarinsa ya sha bamban da na takwaransa na Kano, domin shi Turawa ne suka naɗa shi a 1903, ya yi shekara goma sha bakwai yana aiki da su, su ne kuma suka tuɓe shi a 1920 suka kawo shi nan, ya rasu a 1924. Wanda ya ƙi su da wanda ya zauna da su, gari ɗaya suka ƙare, har sun yi zamani tare a cikinsa. Ɗaliban Hausa da ke haddace baitocinsa don jarrabawa, ina ganin hakki ne a kansu su san inda yake kwance.

Ziyarar kushewa tana da ladabinta, kun kuma san shi tun daga gida. Ba a faɗa wa unguwa kai tsaye da kyamara a hannu. Ku nemi mai unguwa ko limamin masallacin kusa, ku gaishe shi, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku. Akwai Hausawa da Nupawa da suka yi kaka da kakanni a nan, su za su haɗa ku da masu kula da wurin. In kuna da yawa, kamar ƙungiyar ɗalibai, ya kyautu ku fara kai gaisuwa fadar Maigarin Lakwaja. A wurin ku yi sallama, ku yi addu'a ga mamatan, kada ku taka kabari, kada ku jingina da shi don ɗaukar hoto, kada ku roƙi mamaci komai. Ku ba mai kula da wurin abin goro ba tare da ya tambaya ba. In kun ga ciyawa ta rufe wuri ko shara ta taru, ku nemi izini ku share. Ku masu ƙarfi ne, aikin sa'a guda ne. Ya fi ku koma ku rubuta a Facebook cewa gwamnati ta yi sakaci, alhali kun tsaya a wurin da hannuwanku biyu.

Sai gulbi. Ba a zuwa Lakwaja a tafi ba a shiga ruwa ba. Ku gangara kwata ku yi ciniki da mai jirgi ya kai ku daidai inda Kwara da Binuwai suka gamu. A wasu lokutan shekara launin ruwan biyu yakan bambanta, ka ga kowanne na tafiya a gefensa kafin su gauraya. Ta wajen Ganaja kuma ana fito zuwa Shintaku a tsallake. Ku gama ciniki tun kuna tudu, ku yi shi da fara'a, mutumin nan sana'arsa ce da ita yake ci da iyali.

A nan zan yi muku magana da kakkausar murya, domin yawancinku 'yan tudu ne, iyakar iyonku kududdufin bayan gari. Kada wanda ya shiga jirgi ba rigar ruwa a jikinsa, a ɗaure. In mai jirgi ya ce ba shi da ita, ku nemi wani. Kada ku shiga jirgin da aka cika da mutane da buhuna da babura har bakinsa na shafar ruwa. Kada ku shiga bayan magariba, kada ku shiga in hadari ya haɗu. In kun shiga, kowa ya zauna inda matuƙi ya ajiye shi, ba miƙewa don hoto, ba taruwa gefe guda. Tsibirin yashi kuma yana da yaudara, taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku rami. A watan Yuni na 2023, a kan wannan Kwara wajen Patigi, jirgi ya kife da 'yan biki cikin dare, fiye da mutum ɗari suka rasu. A watan Mayu na 2021 ma an yi irin wannan rashi a wajen Warra ta jihar Kebbi. Tawakkali ba ya hana ɗaure riga. Wanda abokansa suka yi wa dariya don ya ƙi shiga jirgin da bai yarda da shi ba, ya bar su su yi, uwarsa na jiransa a gida.

In kun fito, ku bi ta kasuwar bakin ruwa. Ku tambayi sunan kowane kifi, da Hausa da Nufanci: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, ƙurungu, in an yi sa'a har giwan ruwa. Ku tambayi masunta wane wata kifi ya fi kamuwa, me ya sauya tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968, ina suke kai kamunsu. Za ku tarar da 'yan'uwanku daga Kebbi da Sakkwato cikin masu su da masu dako, ku gaisa. Matan da ke sayar da kifi su ne masu kasuwar, ku ce musu Mama ko Iya, kuma kada ku ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Ku ci abincin gari, ku bar neman irin na gida na kwana biyu.

Za ku lura gulbin ya yi wa jiragen da ke kansa yawa. Da ba haka yake ba. Lokacin da dogo ya isa Kano a 1911, daga Baro aka jawo shi, wani gari a bakin Kwara arewa da nan, domin gyaɗa da auduga da fatu su sauko ta jirgin ƙasa, a ɗora su a jirgin ruwa, su bi ta Lakwaja zuwa teku. Da aka gama gadar Jebba a 1916, jirgin ƙasa ya riƙa zarcewa Ikko kai tsaye, sai harkar ruwa ta fara ja da baya, daga baya manyan motoci suka ƙarasa ta. Garin ya daɗe yana gyangyaɗi, sai da aka ƙirƙiro jihar Kogi a 1991 aka mai da shi hedkwata ya farfaɗo. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa a nan babban ofishinta yake. Amma har yau siminti da man fetur da hatsi a kan tirela suke bin titi, suna farfasa kwalta, ga hanya shimfiɗaɗɗiya a gefe ba mai bi, yashi na cike ta. Masu karatun injiniya da tattalin arziki a cikinku, ku zauna a bakin kwata ku yi wannan lissafi. In da sauran lokaci, ku ƙarasa Ajakuta ku hango kamfanin ƙarfen da aka soma ginawa da 'yan Rasha wajen 1980, wanda har yau bai kai ga aikin da aka gina shi dominsa ba.

Game da lokacin zuwa, ku guji watan Satumba da Oktoba. Lokacin ne gulaben biyu ke cika, in kuma aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru abin yakan haɗu ya yi yawa. A 2012 da 2022 ambaliya ta shanye unguwanni, ta yanke titin Abuja a wajen Kotonkarfe, motoci suka yi kwanaki a jere, a 2022 har Abuja ta shiga ƙarancin mai don tankoki sun kasa wucewa. Watan Fabrairu zuwa Afrilu kuma zafi ne mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu ya fi, ruwa ya janye, iska ta yi sauƙi, sai dai in hazo ya yi kauri ba za ku ga nesa daga kan Patti ba.

Ku tafi ku uku ko huɗu, ku haɗa kuɗin masauki, tafiyar ba ta fi ƙarfin ɗalibin da ya yi tanadi ba. 'Yan mata kada a bar ku a baya, ku nemi yardar iyaye, ku tafi da yayyenku ko cikin tawagar makaranta, tarihin nan naku ne kamar yadda yake na maza. Kowa ya sa gidan sauro a jaka, sauron da ya kori jiragen 1841 jikokinsa na nan. Ku riƙe katin shaida, da littafin rubutu da biro, ku gaya wa gida sunan masaukinku. Tsarabar da ta dace ita ce kifi banda. Ku zaɓi wanda ya bushe sosai, ku ɓara ɗaya ku duba cikinsa kafin ku biya, a naɗe muku a takarda, don leda na sa shi gumi ya lalace kafin Kaduna. Daga Lakwaja zuwa Abuja kimanin kilomita 200 ne, amma titin na cike da manyan motoci, saboda haka ku kama hanya da hantsi, ku haye gadar Murtala ta Jamata da sauran rana, kada dare ya same ku a tsakani.